Zaɓen cif mai tarbar sigina don ƙaramar na'urar auna motsin ƙwaƙwalwa: tambayoyi da amsoshi

Tun da na fara taya matasa haɗa ƙaramar na'urar EEG a nan Tawa, wato mai rubuta motsin lantarkin ƙwaƙwalwa, tambayoyi iri ɗaya ke ta kai-komo. Wasu daga ɗalibai masu aikin kammala karatu, wasu daga Yamai ta WhatsApp, wasu kuma daga masu gyaran waya da hannunsu ya faɗa da dalma, suna neman abin da ya wuce canza gilashi. Na tara su yadda ake yi mini su. Kusan kowa da ƙanƙanta yake farawa, yana neman cif ɗin da ya fi kowane ƙarami. Ni kuwa da hayaniya nake farawa, za ku ga dalili.

Malam, mene ne aikin wannan cif ɗin? Ba za a iya jona waya daga kai zuwa Arduino ba?

Ba za a iya ba, ƙanena. Abin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa, in ya ratso ƙashi da fata, bai wuce mikrobolt 10 zuwa 100 ba, kuma mikrobolt ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Arduino Uno, ƙaramin allon kwamfutar da ɗalibai ke koyo da shi, yana raba bolt 5 gida 1024, kowane gida kusan mikrobolt 4,900. Ka ga ke nan taki ɗaya nasa ya ninka babbar siginar ƙwaƙwalwa kusan sau 50. Kamar ka ɗauki sikelin awon buhun albasa ka ce za ka auna ƙwayar gero.

Cif mai tarbar sigina shi ne ke tsaye a bakin ƙofa, tsakanin fatar kai da kwamfuta. Yana karɓar bambancin da ke tsakanin elektorod biyu, wato ƴan ƙarafan da ake liƙawa a fatar kai, ya ninka shi, ya zubar da hayaniyar da ta shigo ta wayoyin biyu tare, sannan ya juya abin da ya rage zuwa lambobi. A takardun kamfanoni AFE ake rubuta masa, masu gyaran waya kuwa duk irinsu aisi suke ce musu. Duk abin da ya ɓace a wannan ƙofa, babu manhajar da za ta dawo da shi daga baya.

Me za mu yi da irin wannan na'ura a nan?

Amsata farfaɗiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum kusan miliyan 50 ke fama da ita, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in an gano cutar an ba su maganin da ya dace. Mu kuma muna cikin yankin sanƙarau, ga zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, dukansu suna iya barin yaro da farfaɗiya. Tsakanin Tawa da Yamai fiye da kilomita 500 ne. Uwa daga Abalak ko Buza da aka ce ta kai ɗanta gwaji, kun san abin da wannan tafiya take ci.

Na'urar da ɗalibi ya haɗa ba za ta maye ta asibiti ba, duba amsar tsaron rai a ƙasa. Amma ranar da irin waɗannan na'urori masu batir za su yawaita a likitocinmu, ana buƙatar ƴaƴan ƙasa da suka san cikinsu, su girka, su gyara. Daga teburin ɗalibi ake fara wannan sani.

Layi nawa nake buƙata, wato wuri nawa a kai zan auna a lokaci guda?

Ya danganta da abin da kake son gani. Tsarin 10-20 da Herbert Jasper ya bayyana a 1958, wanda asibitoci ke bi har yau, elektorod 19 ne a kan kai, ban da na kunne da na ƙasa. Wannan yana cin cif uku masu layi takwas-takwas. Nazarin barci ko gyangyaɗin direba, layi 2 zuwa 4 sun isa. Don koyo da gwajin sarrafa kwamfuta da tunani, layi 8 ne daidai. Kada ka fara da 16. Kowane layi ƙarin waya ne, ƙarin man liƙi, ƙarin wurin da matsala za ta ɓuya.

Wace lamba zan fara dubawa a takardar bayanin cif?

Hayaniyar cif ɗin kansa, wadda ake aunawa bayan an haɗe bakunan shigarsa biyu. Ita ce gunagunin da yake yi ko da babu wanda ke magana. In gunagunin ya kai mikrobolt 8, siginar mikrobolt 10 ta nutse. Abin nema shi ne kusan mikrobolt 1 daga ƙoli zuwa ƙasa, a tsakanin Hz 0.5 da 70, wato yawan juyin igiya a daƙiƙa, inda kusan duk igiyoyin ƙwaƙwalwar da likita ke karantawa suke: delta ƙasa da 4, teta 4 zuwa 8, alfa 8 zuwa 13, beta 13 zuwa 30.

A nan ne mutane da yawa ke faɗawa rami. Wani kamfani yana rubuta hayaniya da awon ƙoli zuwa ƙasa, mai alamar pp, wani kuma da matsakaicin awo, mai alamar rms. Ba ɗaya ba ne. Ka ninka rms da kamar 6.6 kafin ka samu pp. Sannan ka duba a wane faɗin zango aka auna, da wane ninki, da wane saurin ɗiba, wato awo nawa a daƙiƙa, don cif ɗaya yana iya ba da lambobi goma daban-daban. Shafin farko na takarda ado ne, mafi kyawun lambar ake kafawa a can. Ka gangara cikin teburin hayaniya ka nemi layin da ya yi daidai da yadda za ka yi aiki.

Bayan hayaniya sai CMRR, wato ƙarfin zubar da abin da ya shigo wayoyi biyu tare, a nemi desibel 100 ko fiye. Sai kuma girman turjiyar bakin shiga, da ko cif ɗin yana ɗibar duk layuka a lokaci guda.

Bit 24 ya fi bit 16, ko ba haka ba?

Ba kullum ba. Yawan bit shi ne ke nuna gida nawa cif ke raba sigina. A ninki 24, taki ɗaya na cif ɗin ADS1299 mai bit 24 mikrobolt 0.022 ne, alhali hayaniyarsa kusan mikrobolt 1 ce. Ke nan bit biyar ko shida na ƙarshe hayaniya kawai suke ƙirgawa. Amfanin bit 24 yana wani wuri: faɗin fili. Elektorod a kan fata yana haifar da tsayayyen bolt na kansa wanda ya fi siginar ƙwaƙwalwa sau dubbai. Mai bit 24 yana haɗiye shi duka, a cire shi daga baya da lissafi. Mai bit 16 dole ya toshe shi tun a ƙofa da matata, kafin ya ninka. Hanyoyin biyu duka suna aiki.

To, wanne kake ba da shawara?

Ga mafi yawanku, ADS1299 na Texas Instruments, kuma ba na jin nauyin faɗin haka. Don EEG aka yi shi. Layi 8 ne, akwai kuma mai 4 da mai 6 a jiki iri ɗaya. Kowane layi da nasa amfili mai ninka sigina da nasa mai juya ta zuwa lambobi na bit 24, duka suna ɗiba tare. Ninki daga 1 zuwa 24, saurin ɗiba daga 250 zuwa 16,000 a daƙiƙa. A ɗiba 250 da ninki 24 hayaniyarsa mikrobolt 0.14 rms, wato kusan 1 pp, CMRR kuma desibel 110. A cikinsa akwai amfilin da ke mayar da hayaniya jiki don kashe ta, da siginar gwaji, da dabarar gane elektorod ɗin da ya saki. Ana kuma jera su kamar raƙuman ayari, ɗaya na bin ɗaya a kan wayoyin SPI guda, wato wayoyin da cif ke aika bayanai ta cikinsu, in ana son layi 16 ko 24.

Dalili na biyu ya kusa fin na farko a wurinmu. Allon EEG na kamfanin OpenBCI mai suna Cyton a kansa aka gina shi, kuma zanensa da manhajarsa a buɗe suke a intanet. Ɗalibin da ya maƙale da dare a Tawa, babu wanda zai tambaya, zai tarar wani ya riga ya maƙale a wurin ya rubuta yadda ya fita.

Aibunsa ma a faɗa. Yana son bolt 5, ko 2.5 sama da 2.5 ƙasa, batir ɗin lityom kuwa 3.7 yake bayarwa, sai an ƙara da'irar ɗaga wuta da mai tace ta. Yana cin kamar miliwat 5 a kowane layi. Kuma da tsada, dala gommai ne guda ɗaya.

Amma ai ba ƙarami ba ne. Ga ADS1292 da MAX30003 da AD8232, ƙanana kuma da araha.

Gaskiya ne, jikin ADS1299 milimita 10 ne a kan 10, ban da ƙafafu 64. ADS1292 kuwa ana samunsa a milimita 4 kan 4, yana cin mikrowat 335 kacal a layi. Sai dai dukan ukun nan don zuciya aka yi su, bugun zuciya kuwa kusan milibolt 1 ne, ya ninka na ƙwaƙwalwa sau goma zuwa ɗari. Hayaniyar ADS1292 a takardarsa mikrobolt 8 pp ce, ta babban wansa ADS1298 kuma 4. Da su za ka ga alfa in mutum ya rufe ido, za ka ga ƙyaftawa, amma ƙananan abubuwa za su shige maka. AD8232 ba ya ma juya sigina zuwa lambobi, CMRR ɗinsa kuma desibel 80. MAX30003 layi ɗaya ne tak.

In abin da kake haɗawa ɗan ɗauri ne na goshi mai layi biyu don barci, wanda batir zai kwana ya wuni, ADS1292 zaɓi ne mai hankali, muddin ka sauke zangon da matata ka ɗaga ninki zuwa 12. In kana son layi huɗu masu tsabta, ka ɗauki ADS1299-4.

Ka kuma ajiye na'urar da aka gama a gabanka ka duba. Batir, da majonin wayoyi takwas, da rediyo, da kwanso, su ne suka cinye wurin. Milimita shida da ka rage a cif ba za a gan su ba. Hayaniyar da ka ƙara kuwa tana nan a kowane awo.

Na ji ana maganar cif ɗin Intan. Fa su?

RHD2216 mai layi 16 da RHD2132 mai layi 32 suna cikin jikin milimita 8 kan 8, abin mamaki ne. Bit 16 ne, ɗiba har 30,000 a daƙiƙa a kowane layi, hayaniya mikrobolt 2.4 rms a zango mai faɗi. An yi su ne musamman don elektorod da ake dasawa cikin ƙwaƙwalwar dabbobin bincike. Suna aikin EEG, amma kuɗinsu ya ninka na ADS1299 sau da yawa. Sai in ɗakin bincike ne mai buƙatar layi 32 a ƙaramin wuri.

In haɗa nawa da amfili ɗai-ɗai, ko in sayi TGAM da aka riga aka gama?

Layi ɗaya da amfilin AD620 ko INA333, da matata, da mai juyawa na dabam, makaranta ce mai kyau, ina so kowa ya yi shi sau ɗaya. Layi takwas a haka kuwa allon zai yi faɗin faifai, kuma da wuya layukan su yi daidai da juna. TGAM, ɗan allon EEG na kamfanin NeuroSky, layi ɗaya ne a goshi, bit 12, ɗiba 512. Ya isa nuni a aji, amma ba zai koya maka abin da ke faruwa a ƙofa ba, don an rufe ta.

Na haɗa komai, amma abin da nake gani igiya ce mai kauri ta Hz 50.

Kuran ɗin gida ne, bolt 220 mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, jikin mutum kuma yana kama shi kamar eriya. Kafin ka zargi cif, bi waɗannan. Shin elektorod na uku, wanda ake rubuta wa BIAS, yana jiki, kuma ka kunna amfilinsa a rajista, wato wurin saitin da ke cikin cif? Shi ne ke ɗaukar hayaniyar tarayya ya kifa ta ya mayar jiki. Shin turjiyar elektorodi ta yi kusa da juna? Desibel 110 na takarda ba ya aiki in ɗaya yana kilo-om 5 ɗaya yana 50, don rashin daidaiton yana mayar da hayaniyar tarayya ta zama bambanci, cif kuma ya ninka ta da zuciya ɗaya. Sannan ka murɗe wayoyin tare kamar igiya, ka gajarta su.

Mu nan akwai ƙarin abu. Gidaje da yawa ba su da wayar ƙasa. Ga fanka a kan mutum, ga cajar waya marar kyau, ga inbatar sola mai fitar da wuta mai kusurwa, wadda ke zuba hayaniya a Hz 150 da 250 da sama. Janareta kuma ba ya tsayawa cak a 50, yana lilo, sai matatar da aka kafa a 50 daidai ta riƙa kuskure. Gwaji mafi sauƙi shi ne ka fita tsakar gida, nesa da bango, da batir kaɗai. In igiyar ta ɓace, ɗakin ne. In manhajar da ka sauko da ita daga Amurka take, duba kada matatarta tana kan 60.

Layi yana tafiya sama ya manne, ko yana lilo a hankali. Cif ɗin ya lalace?

Da wuya. A ninki 24 filin ADS1299 milibolt 187.5 ne sama da ƙasa. In ka gauraya elektorod na ƙarfe daban-daban, zinariya nan, azurfa can, boltin da ke tsakaninsu zai iya wuce haka, layi ya cika ya manne. Ka yi amfani da iri ɗaya, mafi kyau azurfa mai rufin kulorid, ko ka sauke ninki zuwa 12, filin ya zama 375.

Lilon nan kuwa zufa ce. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, gumi yana canza boltin fata a hankali, ƙasa da Hz 1, ya yi kama da delta. Ku yi awo da sassafe. Gashi ma sai an yi shawara da shi: man shafawa yana hana wuta wucewa, a wanke kai tun jiya kada a shafa komai. Kitso kuwa taimako ne in tsagar ta faɗa inda ake so, don fata a buɗe take. A goge wurin, a sa man liƙi irin Ten20, a nemi turjiya ƙasa da kilo-om 5, ko 10 in ta ƙi. Cif ɗin da kansa yana iya auna ta da ɗan kuran na nano-amfiya 6. In mace za a auna, mace ta liƙa mata, a tanadi hakan tun farko.

Batir zai kai awa nawa? Da Bluetooth ko da WiFi?

Mu yi lissafi. Layi takwas miliwat 40 ne. Batir mai mAh 1000 a bolt 3.7 zai riƙe cif ɗin shi kaɗai kusan awa 90. ESP32 kuwa, cif ɗin kwamfuta mai rediyo, in WiFi na aiki yana jan fiye da mili-amfiya 100, wato ya ninka cif ɗin sau takwas ko fiye. Rediyo ne mai cin batir, shi ya sa rowar wuta a wajen zaɓen cif ba ta da riba sosai. Rediyon nRF52 mai Bluetooth ƴan mili-amfiya yake ja.

Kowace ɗiba bayit 27 ce, 24 na layuka da 3 na bayanin hali. Sau 250 ya zama bayit 6,750 a daƙiƙa, megabayit 24 da ɗoriya a awa. Bluetooth zai ɗauka in an cusa ɗiba da yawa a ƙunshi ɗaya, katin memori kuma ya fi komai aminci. Ɗiba 250 tana ba da zango har kusan Hz 65, in kana son sama da haka ka koma 500. Zafinmu bai dami cif ɗin ba, an yi shi ya jure har digiri 85. Batir ɗin lityom ne abin tsoro, kada a yi cajinsa in ya haura digiri 45, kada a bar shi cikin mota.

Akwai haɗari ga wanda aka liƙa wa wayoyin?

Akwai, kuma a nan ba na sassauci. Ka goge fata, ka sa man da ke wuce da wuta, ka buɗe hanya zuwa kan mutum. In na'urar tana jone da kwamfutar da ke caji, caja ɗaya marar kyau ta isa. Doka ɗaya ce: muddin waya tana jikin mutum, babu abin da zai taɓa bango. Batir kaɗai, bayanai ta rediyo ko katin memori, caji sai an cire elektorodi. In dole sai USB, a sa mai raba wuta irin ADuM4160, kwamfutar ma a kan batir. Kowace waya a sa mata turjiya ta ƴan kilo-om da diyod ɗin kariya, wanda kuma zai ceci cif ɗin daga tartsatsin da jiki ke tarawa lokacin hunturu.

Na'urorin asibiti suna bin ƙa'idar IEC 60601-1, wadda ta kayyade kuran da zai iya zurarewa jikin majiyyaci a mikro-amfiya 100 ga rukunin BF, na kayan da ake liƙawa a jiki. Taka ba ta bi ta wannan gwaji ba. Ku auna junanku, manya masu lafiya da suka yarda. In maƙwabciya ta kawo ɗanta mai faɗuwa ta ce a duba shi, ka karɓe ta da mutunci, ka nuna mata hanyar likita. Kada ka ce mata ka ga wani abu, kada kuma ka ce ba ka gani ba, don awon mai farfaɗiya yakan fito lafiya lau tsakanin faɗuwa da faɗuwa.

A ina zan samu, kuma wa zai liƙa mini ƙafafu 64?

Sai an yi oda daga waje. Mouser da DigiKey da LCSC dillalai ne sanannu. Ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu, jigila da duwan su zo da sauƙi, ku ƙara guda ɗaya na ajiya. Tun ƙarancin cif na 2021 da 2022 jabu da tsofaffin da aka ciro daga wani allo suka yawaita. Mun taɓa sayen biyu a hannun wani mai shago a intanet da rabin kuɗi, ɗaya bai amsa ba sam, ɗaya layukansa uku suna ta ruri.

Tazarar ƙafafun rabin milimita ce. Mai gyaran waya da ya saba da madubi da iska mai zafi zai liƙa shi cikin minti goma, kuma a nan jikin ADS1299, wanda ake kira TQFP, ya fi ƙananan kyau, don ƙafafunsa a waje suke, ido na ganinsu. Masu ƙwallayen dalma a ƙarƙashi in sun saki ba ka da yadda za ka sani. Allon ya zama mai hawa huɗu, hawa ɗaya duka na ƙasa, rediyo da da'irar ɗaga wuta a can nesa da bakin shiga. A wanke ragowar man dalma tas, a sa kwanso mai rufi saboda ƙura.

Ta yaya zan tabbatar yana aiki kafin in sa wa mutum?

Mataki huɗu, kada ka tsallake ko ɗaya. Na farko, karanta rajistar ID, mai layi takwas zai ba ka 0x3E. In bai bayar ba, duba SPI tana yanayi na 1, kuma ka aika umarnin SDATAC tukuna, don cif ɗin yana farkawa ne yana ta zubo bayanai, ba ya sauraron rubutu sai an tsayar da shi. Wannan kaɗai ya cinye wa ɗalibai da yawa mako guda. Na biyu, kunna siginar gwaji ta ciki, ka ga igiya mai kusurwa huɗu, kusan sau ɗaya a daƙiƙa, a dukan layuka. Na uku, haɗe bakunan shiga ta rajista, ka ɗebi daƙiƙa 10, ka lissafa hayaniya ka gwada da lambar da ke amsar ADS1299 a sama. In ta ninka sau biyu ko uku, wutar da kake ba shi ce ba ta da tsabta, ko allon, ko cif ɗin jabu ne.

Na huɗu shi ne gwajin Hans Berger, likitan Jamus da ya fara auna ɗan Adam a 1924 ya wallafa a 1929. Sa elektorod a ƙeya, wurin O1 ko O2, ɗaya a kunne, BIAS a ɗaya kunnen. Abokinka ya zauna, ya saki haƙora da kafaɗu, ya buɗe ido daƙiƙa 20, ya rufe daƙiƙa 20. Da ya rufe, igiya mai sau 10 a daƙiƙa za ta taso, da ya buɗe ta kwanta. Wasu mutane alfarsu ba ta da ƙarfi tun asali, saboda haka in ba ka gani ba, ka gwada mutum na biyu da na uku kafin ka ɗauko abin dalma.